Idan an turo ku aikin bishara Legas tare da iyali

Mai bishara da ya taso daga Kano, Zariya ko Kagoro yakan ɗauka harshe ne babbar matsalarsa a Legas. A'a, gida ne. Hausawa suna nan jingim a Agege, Mile 12, Idi-Araba da Obalende, kuma sujada da Hausa ba baƙon abu ba ne a garin. Abin da ke mayar da iyali Arewa kafin shekara ta zagayo shi ne haya, ruwa da kewar gida.

Maigida ya riga zuwa shi kaɗai, ya sauka wurin ekkilisiya mako biyu ko uku. Idan da hali, a nemi gida tsakanin Yuni da Yuli, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, domin unguwar da ta yi kyau da rani takan koma tafki. In da rani ne, a duba gindin bango: layin danshi zai nuna inda ambaliya take kaiwa. A tambayi masu shago, ba dillali ba. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma akwai kuɗin dillali, na rubuta yarjejeniya da na ajiya saboda ɓarna. A sa hukumar da ta turo ku, EMS ta ekkilisiyar ECWA ce ko wata, ta san jimillar tun farko. Kada a biya sisi sai an ga mai gidan ido da ido an karɓi rasit. A kuma tabbatar ko mitar wuta ta kati ce, domin a gidan haɗaka rabon kuɗin wuta ne ke fara haɗa maƙwabta faɗa.

Uwargida, buhun hatsi ba ya jimirin Legas. Danshi yana sa kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa su yi fumfuna, gero kuma ƙwari su cinye. A zuba a roba mai murfi, a ɗaga daga ƙasa, a riƙa saye kaɗan-kaɗan. Kayan miyan Arewa suna sauka Mile 12, nama kuma a mayankar Oko-Oba. Gidan sauro dole ne tun daren farko.

Bayerabe yana yafe gurɓataccen Yarbanci, amma ba ya yafe rashin gaisuwa. A koya wa yara “ẹ káàárọ̀” da safe, yarinya ta durƙusa, yaro ya sunkuya sosai, kada a miƙa wa babba abu da hagu. A makaranta za su koyi Yarbanci, a titi su kwashi Turancin buroka cikin wata uku. Hausar ce za ta salwance, sai an tsare ta a addu'ar safe da karatun Littafi Mai Tsarki.

A sayi katin Cowry don biyan kuɗin manyan bas na BRT da jirgin ƙasan da ke tsayawa Agege. Ziyarar da aka sa ƙarfe tara, a fita tun shida saboda cunkoson motoci.

Kafin a fara shiga zango, a kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawan unguwar, a faɗi ko ku su wane ne ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Yawancin maƙwabta Musulmi ne: a kiyaye lokutan salla, a rage lasifika, a je suna da ta'aziyya. Masu dako da masu gadi ba sa samun sararin Lahadi da safe, don haka a tambaye su lokacin da ya dace da su kafin a tsayar da ranar taro.