Kurakuran Sababbin Jami'an Ba da Izinin Gini

Na gaji da ganin sababbin ma'aikata a sashen filaye da tsara gari suna maimaita kuskure iri ɗaya. Zanen gini ne sana'ata, kullum ina gaban teburinku da fayil.

Ku fara sanin huruminku. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuwa a wajen birni take ba da shaidar mallaka ta gargajiya. A birnin Kano hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ke duba zanen gini, a Kaduna kuma takwararta KASUPDA. In fili ba a hannunku yake ba, ku faɗa wa mai shi tun ranar farko.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gyara ɗai-ɗai. Wani ofis ya taɓa dawo min da zanen gidan wani bawan Allah, wai ba a nuna ramin masai ba. Na gyara. Aka sake dawo da shi, wai tazarar gini da titi ba ta kai ba. Na gyara. Sai kuma aka tuna da hatimin injiniya. Kafin a sa hannu damina ta faɗi, siminti ya tashi, mai gida ya ce ni nake masa wasa da hankali, ya ƙwace aikin. Haba jama'a! Duk waɗannan ai a zama ɗaya ake ganinsu. Ni in yarona ya kawo min zane, takarda ɗaya nake ɗauka in jera masa duk gyaran, in sa kwanan wata. Ku ma ku yi haka.

Sai sa hannu daga kan kujera. Takarda ba ta nuna cewa filin kududdufi ne aka cike da shara, ko yana ƙarƙashin babbar wayar wuta. Ka tashi ka je da tef ɗinka, Malam, ka tambayi mai unguwa ina ruwa yake bi a watan Agusta. Zalunci ne ka yi shiru har gini ya kai linta, sannan ka zo da jan fenti.

Kada a karɓi fayil ba tare da an ba mutum lamba da rasit ba. Takardar ciniki mai hatimin dagaci ba izinin gini ba ce. Kuɗin hukuma kuma a banki ake biya, kada ku karɓa a hannu.