Idan jarumar labarinka mace ce

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Daga wajen Ringim nake, ga 'yar shawarata ga maza.

Mayar da "ya" zuwa "ta" ba ya mayar da Audu ya zama Ladidi. Mata ne suka fi karanta labaran soyayya, kuma tun shafin farko suke gane namiji ne aka ɗaura wa zani.

Inda muka fi faɗuwa shi ne alkunya. Matar ƙauye a wajenmu ba ta kama sunan mijinta, sai "Malam" ko "maigidan". Ɗan farinta kuwa "yaron nan" ne, ko da ya yi gemu. Ni na taɓa sa jarumata ta kira mijinta da sunansa a gaban surukarta, yayata ta yi dariya har da riƙe ciki. To, ka karanta wa yayarka ko gwaggonka babin, duk inda ta ce "wa ke faɗin haka?" ka goge.

Ku ma mata, in jaruminku dillalin shanu ne, ku tambayi mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis yadda ake cewa "albarka" kafin a sallama.