Darasi na 9: Samari da maganin ƙara ƙwanji

Yaro ɗan shekara 15 ya tuɓe riga gaban madubi yana duban damtsensa. Abokinsa ya fi shi faɗin ƙirji, a waya kuma kullum hotunan maza masu murɗaɗɗen jiki yake gani. A wurin ɗaga ƙarfe sai wani ya raɗa masa: "Ka daina shan wahala, allura kaɗan za ta gama maka aiki."

Wannan magani sunansa sitiroyid, kuma akwai na allura, akwai na haɗiya. Kwaikwayo ne na testosteron, sinadarin da jikin namiji ke yi da kansa, wanda ke buɗe murya, ya fito da gemu, ya gina tsoka. A 1935 aka fara haɗa testosteron a ɗakin bincike. Likitoci na ba da shi ga yaron da balagarsa ta yi jinkiri, ko majinyacin da cuta ta ramar. Masu neman ƙwanji kuwa sukan sha ninki 10 har zuwa 100 na abin da likita ke rubutawa.

Abin da ya kamata iyaye su gane shi ne, yaron ba ya ɗaukar kansa ɗan ƙwaya. Cewa yake: "Ai ba ya bugarwa." Gani yake gyara jikinsa yake yi, tunda yana motsa jiki, ba ya shan taba. Kuma maganin yana aiki, tsoka tana fitowa da wuri. Idan ka ce masa ƙarya ne, ba zai ƙara sauraronka ba. Ben Johnson na Kanada ya ci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul, gwaji ya nuna sitiroyid a fitsarinsa, aka ƙwace lambar zinaren.

Faɗa masa abin da ke biyo baya. A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi, daga nan tsawo ke ƙaruwa. Sitiroyid na rufe wurin tun lokaci bai yi ba, kuma tsawon da aka rasa ba ya dawowa. Wannan ya fi komai damuna, domin yaron da ke neman girma shi ne ke tsayar da girmansa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito wa namiji. Akwai hawan jini, lalacewar hanta da ciwon zuciya. Yin allura da sirinji ɗaya kuma na yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

Ka lura da kuraje masu yawa a baya da kafaɗu, ƙaruwar jiki cikin 'yan makonni, da saurin fushi. In ka tabbatar yana sha, kada ka kunyata shi gaban mutane. Ku je wurin likita tare, domin bayan dainawa baƙin ciki mai tsanani kan kama wasu, har su yi tunanin kashe kansu.

Aiki: Rubuta jimla biyu da za ka fara wannan magana da ɗanka ko ƙanenka.