Kafin ki haɗa wa tsohonki magunguna, duba ƙaramin suna

Ni ke riƙe da magungunan Baba a gidanmu nan Garwa. Yana da hawan jini, ga ciwon gwiwa. Bara da hunturu mura ta kama shi, ƙanena ya sayo masa Fervex, alhali yana shan Doliprane 1000 sau uku a rana. Kwana biyu muna ba shi duka, sai da na kai kwalayen farmasi mai magani ya nuna mini da yatsa: paracetamol ne a cikinsu su biyun. Babba ba ya wuce giram 4 a rana, tsoho ma gara ƙasa da haka, kuma hanta ce ke shan wahalar. Ranar jikina ya yi sanyi.

To, 'yar'uwa, ki fara da wannan. Babban sunan da ke kan kwali na kamfani ne. Ƙaramin da ke ƙarƙashinsa shi ne ainihin maganin. Doliprane, Efferalgan, Dafalgan, duk abu ɗaya ne. Ki rubuta ƙananan sunayen a takarda guda, wanda ya fito sau biyu ki tsaya.

Sai ki zuba komai a leda ɗaya ki tafi da shi duk ranar ganin likita. Komai fa, har jiƙon gargajiya da ƙwayar da aka saya wajen mai talla a tasha. Kada ki ji kunya, likita ba zai san abin da ba a nuna masa ba.

Na gwiwa ya fi ba ni tsoro. Ibuprofen da diclofenac 'yan gida ɗaya ne, haɗa su na iya sa ciki zubar jini. Kowannensu kuma yana rage ƙarfin maganin hawan jini, yana takura ƙoda. Baba yana son diclofenac don yana jin sauƙi nan take, amma na ce masa, «Baba, ka yi haƙuri, sai likita ya yarda.»

Ciprofloxacin da doxycycline, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ba sa shiri da nono, kindirmo, maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki mai kama da alli. A sha su aƙalla awa 2 kafin waɗannan, ko awa 4 zuwa 6 bayansu. Rifampicin na tarin fuka yana kashe ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, mata su sani.

Takardar da ke naɗe cikin kwali, kada ki yar. Ki nemi inda aka rubuta «contre-indications» (waɗanda bai kamata su sha ba) da «interactions» (abin da ba a haɗa shi da shi), in Faransanci ya yi miki nauyi ki ba ɗan makaranta ya karanta. Kwalayen da ke zuwa daga Faransa suna da alama mai kusurwa uku da hoton mota: rawaya a yi hattara, ruwan lemo sai an tambayi likita, ja kuwa ba tuƙi sam. Mai mijin da ke aikin moto ta duba wannan, ta kuma gaya masa tramadol da diazepam tare suna iya tsayar da numfashi.

In kin ga baƙin kashi kamar kwalta, idanu sun yi rawaya, fuska ta kumbura ko barcin da ba a iya tada mutum, ki ɗauki ledar nan ku nufi asibiti, kada ki jira gari ya waye.