Haihuwar fari a gida: kurakuran da ake ta maimaitawa

In da so samu ne, haihuwar fari a asibiti ake yin ta. Ƙugun da bai taɓa haihuwa ba babu wanda ya san ko zai ba kan jariri hanya, kuma jijjiga, wato farfaɗiyar da hawan jini ke jawo wa mai ciki, ta fi kama masu cikin fari. Amma mata da yawa a gida suke durƙusawa, ko a ɗakinsu ko a gidan iyayensu inda aka kai su goyon ciki. To in an dage sai gida, a daina maimaita waɗannan kurakuran, don na gaji da ganin yarinya ta lalace kan abin da ake iya kaucewa.

Kuskure na farko shi ne yanke shawarar haihuwa a gida tun kafin a je awo. Ai awo ne zai ce gida ya dace ko bai dace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je aƙalla sau 8. Can za a auna hawan jini, yawan jini da rukuninsa, a yi hoton ciki, a yi allurar tetanus sau 2 da tazarar mako 4, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. In aka ce hawan jini ya kai 140/90, ko jini ya yi ƙasa, ko tagwaye ne, ko jariri ya kwanta a gicciye ko ya zo da ɗuwawu, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, maganar gida ta ƙare. Haka in naƙuda ta zo kafin mako 37, ko mai cikin yarinya ce ƙarama da jikinta bai gama ginuwa ba.

Babban kuskuren kuwa shi ne kunya. An koya wa yarinya cewa 'yar fari ba ta nuna ciwo, sai ta shige ɗaki ta cije zani, mara na murɗawa tun Magariba, ba ta faɗa wa kowa ba sai hantsi. Da aka gane, iyaye mata su ce a yi haƙuri, haihuwar fari dama takan daɗe. Gaskiya ne takan daɗe, amma daɗewar tana da iyaka. Naƙuda mai ƙarfi da ta kai awa 12 babu haihuwa, a tafi asibiti. Nishin da ya wuce awa 1 kai bai sauko ba, a tafi. Matsalar ita ce in ba a san sa'ar da ciwon ya fara ba, da me za a ƙirga awa 12 ɗin? Shi ya sa nake cewa kowace mai ciki ta zaɓi mace ɗaya da ba ta jin nauyinta, ƙanwar uwa ko yaya ko ƙawa, ta faɗa mata da zarar ciwo ya fara zuwa yana komawa a jere, ita kuma ta duba agogon waya ta riƙe lokacin.

Ku san abin da ke faruwa a ciki sa'ad da kuke cewa a yi haƙuri. Kan jariri ya maƙale a ƙugu, yana danne mafitsara a jikin ƙashi. Naman da aka danne jini ba ya isa gare shi, sai ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ruɓe ya zube, rami ya buɗe, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Asibitin Babbar Ruga a Katsina shekaru da dama yana ɗinke irin waɗannan mata, da yawansu a haihuwar fari abin ya same su. Uwa da uwar miji, ku kuka san ciwon nan, ku ya kamata ku fara cewa a tashi. Jarumtar da kuke yaba wa yarinya ba ta faɗaɗa ƙugu.

Daga jinkiri sai gaggawa, ita ma tana kisa. Naƙuda ta ɗan ja, sai a aika kemis a kira mai allura ya zo ya yi allurar naƙuda ko ya zuba ta a ƙarin ruwa. Wallahi wannan ganganci ne. A asibiti ɗigo-ɗigo ake ba da ita, ana ƙirga matsawar mahaifa, ana sauraren bugun zuciyar jariri, ga ɗakin tiyata a kusa. A gida kuwa mahaifa za ta matse babu sassauci, jariri ya rasa iska, in kuma hanya a toshe take mahaifar ta fashe. Haka jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa mai ciki da sunan maganin zaƙi, babu wanda ya san ƙarfinsu. Kada a hau cikinta a danna. Kada a sa ta nishi kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa, zai kumbura ko ya yage. Yankan gishiri kuwa, wato tsaga gaban mace, kada reza ta kusance ta, shi kansa yana huda mafitsara. Kuma a rage sa hannu a gabanta, musamman bayan faya ta fashe.

Sai jini. Da jariri ya faɗo kowa ya koma kansa ana guɗa, a bar uwa a kan tabarma, alhali awa 2 na farko su ne mafi haɗari gare ta. Jinin da ya kai rabin lita, cikin ledar fiya wata guda, ya yi yawa. Ƙunzugun da ya jiƙe sharkaf cikin minti 5 alamar tashi ce. A taɓa ƙasan cibiyarta: mahaifa ta zama dunƙule mai tauri. In ta yi laushi a murza ta da tafin hannu har ta taurare, a sa uwar ta yi fitsari, a sa jariri a nono, ana yi ana neman mota. Tun a wurin awo a tambayi ma'aikaciyar lafiya ƙwayar misoprostol, mai rage zubar jini bayan haihuwa: guda 3 ake haɗiyewa nan take bayan jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu a ciki. Kafin jariri ya fito ko kusa kada a sha ta, aikin allurar naƙuda za ta yi. Takan sa rawar sanyi, wannan yana wucewa. Mabiyiya kuma ba a jan igiyarta da ƙarfi. In awa 1 ta cika ba ta fito ba, ko ta fito a gutsure, ko ana jini tun kafin nan, asibiti.

Duk wannan "a tafi" da nake ta faɗa banza ce in ba a shirya tafiyar ba. Maigida, tun wata na bakwai ka faɗa a gaban mahaifiyarka da tata cewa ka ba da izini a kai ta asibiti ko kana nan ko ba ka nan. A samu lambar direba 2, a gaya musu ana iya kiransu da tsakar dare. A ware kuɗin mota da na magani a hannun mace da ke gidan. A san asibitin da ke yin tiyata da ƙarin jini cikin dare, don ba kowane ƙaramin asibiti ke yi ba, a kuma tanadi mutum 2 da za su ba da jini. Ni a wurina, gidan da ya fi rabin awa zuwa irin wannan asibitin bai dace da haihuwar fari ba, balle da damina in hanya takan yanke. Mai karɓar haihuwar ta kasance ungozomar da ta yi karatun aikin, mai jakar hura wa jariri iska.

Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki: jijjiga ce ke sallama. Ba iskokai ba ne, kada a tsaya hayaƙi. In ta fara, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, a ɗauke ta zuwa asibiti. Haka in ruwan faya ya fito kore, ko hannu ko igiyar cibiya ta riga fitowa, ko jini ya zubo kafin haihuwa, ko zazzaɓi ya rufe ta.

Jariri a goge shi da tsabtataccen zani, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su. In bai yi kuka ba a murza bayansa, ba a rataye shi ta ƙafa ko a watsa masa ruwan sanyi ba. Wanka ya jira awa 24. Cibiya a jira minti 1 zuwa 3, a ɗaure da zare mai tsabta, a yanke da sabuwar reza, a riƙa shafa maganin cibiya na chlorhexidine. Ban da man goge baki, toka ko gashi da kasko. Dakashi kada a matse a zubar, a ba shi cikin awa ta farko, ban da ruwa ko zuma. A kai shi rigakafi a ranar, don allurar ciwon hanta cikin awa 24 ake so, a duba uwar ma. In jininta mai alamar nagatif ne, tana da allurar da ake yi cikin awa 72.

Wankan jego a yi shi da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kunun kanwa kuma a sassauta. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar masu jego. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ko jinin biƙi ya yi wari da zazzaɓi, a kai ta asibiti a ranar, kada a ce sai an yi suna.