Yadda na canja kan giyar motata a ƙofar gida

Kan giyar Peugeot 406 ɗina ya daɗe yana girgiɗi. Rana ta cinye fatarsa, lambobin sun goge, har yana bar min baƙi a tafin hannu. Ranar Asabar na sayo sabo a kasuwar 'yan kayan mota, na ce wannan kam bai kai a je wurin bakanike ba.

Kuskurena na farko shi ne murɗawa. Na saba da Corolla ta yayana, wadda nata ake kwancewa kamar murfin kwalba, sai na yi ta juya shi hagu, gumi na zuba, shiru. Ashe na 406 ba shi da zare ko kaɗan, cusa shi kawai aka yi a kan sandar ƙarfen.

Na ja birkin hannu, na sa giya a furi, na naɗe shi da tsumma, na riƙe da hannu biyu na fizga sama. A karo na uku ya fito, saura ƙiris in fasa haɓata. Kawar da fuskarka tukuna.

Aikin gaske yana ƙasa. Wata farar roba ta cikin tsohon ta maƙale a jikin sandar, sabon ya ƙi shiga. Na tsaga ta a tsaye da wuƙa, a hankali don kada in yanki rigar giyar, sannan na ɓanɓare ta da filaya na goge wurin.

Na daidaita sabon, lambobin na kallon gaba, na ɗora tsumma na buga da tafin hannu sau biyu. Ya zauna daram.