Ajiya a D ba ajiya ba ce, jama'a

Shekaranjiya wani ƙanena ɗan jami'a ya zo mini da kwamfutarsa cikin leda, ido ya yi ja, wai Windows ta ƙi tashi kuma memwar ɗinsa na ƙarshen karatu na ciki. Na ce ina kwafi? Ya ce "yaya ai na ajiye a D". To nan ne gizo ke saƙa. A yawancin mashin ɗin da ke hannunmu nan Damagaram C da D disk ɗaya ne aka raba biyu, kamar ɗaki guda aka ja labule a tsakiya, ranar da rufi ya faɗo ba ruwansa da labule. D na cetonka ne kawai in Windows ce ta lalace aka yi formate ɗin C. Shi kuwa nasa disk ɗin ne ya mutu, in ka kara kunne kana jin ƙas ƙas ƙas yana yi. Maganin shi ne disk na waje, ka kwashe kayanka ciki ka cire shi ka sa a durowa. Ka cire fa! wanda ya bar shi a maƙale kullum, in birus mai kulle fayil ya shiga duka biyun zai kulle, in kuran ya dawo da ƙarfi ya ƙona abu ma tare za su tafi.

Wasu kuma sun dogara da point de restauration suna ganin sun gama. Wannan abin saitin Windows da direbobi da program yake mayarwa baya, ba ya dawo maka da hoton biki ko takardar da ka goge, kuma a mashin da yawa a kashe yake tun farko, sai ranar wahala ka shiga ka tarar babu ko ɗaya. Je ka kunna shi yau, amma kar ka kira shi ajiya.

In kana son mashin ya dawo yadda yake sak, da Windows da Office da duk program ɗinka, hoton sistem gaba ɗaya za ka ɗauka, wato cikakken kwafin disk ɗin. Yana nan cikin Panneau de configuration wajen Sauvegarder et restaurer, an rubuta Windows 7 a jiki amma yana aiki a 10 da 11, ko ka yi da Clonezilla ko Rescuezilla, kyauta ne. Inda ake faɗawa rami shi ne disk ɗin wajen, in tsarin formate ɗinsa FAT32 ne ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4 kuma Windows ba za ta yarda ta ajiye hoton a kai ba, sai NTFS.

Sai kile ɗin USB na tayar da mashin. Mutum ya ɗauki hoton sistem lafiya lau amma bai yi kile ba, to da me za ka shiga in Windows ta ƙi buɗewa? Nemi mai giga 16, wanda ba komi ciki don gogewa zai yi tas, ka yi lecteur de récupération, wato kilen da Windows ke haɗawa don tayar da mashin, ka liƙa masa takarda, kar ya koma na kai fayil wajen fotokopi inda zai kwaso birus ɗin nan mai maida komi raccourci. Kuma ka gwada shi, wallahi wannan ne ya fi ba ni haushi, mutane na ajiye kile shekara biyu ba su taɓa gwadawa ba. Kashe mashin, sa kile, kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo, ka gani da idonka yana tashi. Kile na araha da ake cewa giga 64 alhali ƙarya ce suna nan da yawa, gwajin na iya tona su.

Masu Windows 11 ku kula da BitLocker, makullin disk na Windows. Sabbin mashin da yawa disk ɗinsu a kulle yake ba ka sani ba, ranar da aka taɓa BIOS, wato saitin mashin na kafin Windows ta tashi, ko aka canza wani abu ciki sai ya nemi wata lamba mai alƙaluma 48, in ba ka da ita ba mai gyaran da zai buɗe maka, ko a Yamai ko a Kano. Tana cikin asusunka na Microsoft, shiga ka kwafe ta a takarda. Matsalar ma sau tari asusun na wanda ya sayar maka da mashin ne.

Na ƙarshe gaggawar formate. Windows ta ƙi tashi ba ya nufin fayil sun tafi, sau da yawa ana ciro disk a haɗa da wani mashin a kwashe komi kafin a sake zuba sistem. Ka faɗa wa mai gyara da bakinka ya fara kwashewa, kar ka ce ai ya sani. Ƙanen nawa dai Allah ya taimake shi, babi uku na memwar ɗin mun same su cikin WhatsApp da ya taɓa tura wa malaminsa, na huɗu yana can yana sake bugawa.